Gyalen da Na Bari a Indiya

"Likita, taɓa ki ji jikinta... kwana uku ke nan ko nono ba ta kamawa."

Kafin in buɗe baki matar ta ɗora min jinjirar a cinya. Jikinta zafi rau, idanunta sun faɗa. Kwanana ɗaya tak da dawowa, ko akwatina ban gama kwancewa ba, amma tsakar gidanmu ta cika da mata tun hantsi. Wata da ciwon ƙugu, wata da tsohon ciki, wata kuwa lafiyarta lau, ta zo ne kawai ta ga yadda likita take a fuska.

Na san zazzaɓi ne, kamar yadda kowace mace a wurin ta sani. Bayan wannan ban san komai ba. Da ganyen masara mai ɗige-ɗige ta kawo min, da tun kafin ta zauna na gaya mata abin da ke cinsa.

Ni ba likita ba ce.

A zatona, duk Unguwar Maitama babu wanda ya san haka sai ni.

Na ce mata takardar izinin aikina ba ta fito ba tukuna, doka ta hana in ba da magani, ta yi maza ta kai yarinyar asibitin Malumfashi yanzu-yanzu, kada ta tsaya sai la'asar. Wannan shawarar dai gaskiya ce, ita kaɗai na iya ba ta. Matan suka yi ta jinjina kai suna cewa ka ji masu ilimi, komai da ƙa'ida. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ashe har likitocin Indiya ma sai da takarda suke taɓa jinjiri..."

Maijidda ce, tana jingine da rumbu tana taunar cingam. 'Yar ƙanwar Hajiya Adama ce, mahaifiyar Mahadi da zan aura, kuma kowa ya san da ita Hajiyar ta so haɗa shi tun farko. Ta yi min murmushin da bai kai ido ba, ta gyara ɗankwali ta fice.

Daga zaure na jiyo muryar Baba.

"Likita ta karya kuwa?"

Wannan ce ta fi yi min ciwo. Ni ce 'yar fari a wurinsa, kuma Malam Ɗanasabe mutumin da ne, alkunya ba ta taɓa barinsa ya faɗi sunana ba. Tun ina mitsitsiya aka miƙa ni ga kakata Inna Tsohuwa, ita ta raine ni. In zai aike ni sai dai "ke", in yana maganata da wani sai "yarinyar wajen Inna". Ranar da takardar tafiyata ta fito ya samu sunan da zai kira ni da shi ba tare da ya ji nauyi ba. Shekara shida yana kirana a waya, kullum da shi yake farawa, har ina jin yadda yake jan kalmar kamar mai shan zuma. Suna ɗaya mahaifina ya taɓa ba ni, shi ma na ƙarya ne.

Da la'asar Mahadi ya zo. Ya ƙara baƙi, ya ƙara faɗin kafaɗa, amma dariyarsa tana nan yadda na bar ta. Muka gaisa a zaure ina ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ɗauka kunyar zance ce.

"Tawa, ɗago mana in gan ki. Shekara shida a gilashin waya nake kallonki, yau ma za ki hana ni?"

"Yaya Mahadi, ka bari..."

"Na bari. Amma taso ki ga wani abu, nan kusa ne."

Da ma na san yana gini, yakan ce min ɗakin ajiye hatsi ne. Muka tsallaka titi zuwa bakin filinsu, sai ga ɗakuna biyu da baranda, an shafe su da farin fenti tas. Ya buɗe ƙofa yana nuna min. Nan mata za su zauna jira, ga bencinsu. Nan za a sa gadon awo, ya sa an yi taga a sama don kada mai wucewa ya leƙo. Ya ce da hannunsa ya buga bulon, kowane rani in ya gama sussukar masara da waken suya sai ya ɗora layi biyar ko shida. A saman ƙofar akwai allon kwano da aka lulluɓe da buhun taki. Ya ɗaga gefe kaɗan na hango sunana da jan fenti, Likita Adawiyya, sannan ya sauke da sauri kamar mai ɓoye amarya. Ranar Asabar za a yi walimar dawowata, a ranar za a yaye buhun, a ranar kuma iyayensa maza za su sa ranar aurenmu.

"Ba ki ce komai ba, hasken idona."

Maganar ta taso har maƙoshina. Na dube shi, na dubi hannayensa da siminti ya cinye, sai ta koma.

"Ya yi kyau," na ce. "Allah Ya saka da alheri."

Hawayen da suka zubo min ma a na farin ciki ya ɗauke su.

Ba haka na tashi da ƙarya ba, bari in faɗi yadda aka yi. Mahadi yana da ƙanwa, Hansai, aminiyata ce tun muna tallar gyaɗa. Ta yi aure ina aji na ƙarshe a sakandare, shekara ta zagayo ta zo haihuwa, naƙuda ta yi gardama. Aka yi ta jan ƙafa a gida ana jiƙe-jiƙe, don babu mai son namiji ya duba ta. Sai da abu ya ɓaci aka sa ta a bayan a-kori-kura, ba a kai Malumfashi ba rai ya yi halinsa. Inna Tsohuwa ce mai wankan gawar mata a garinmu, ni kuma nake zuba mata ruwa tun ina 'yar sha huɗu. Ni na zuba wa Hansai ruwa. Lallen da muka yi tare sati biyu kafin nan yana nan raɗau a tafinta.

Ranar addu'ar bakwai na durƙusa gaban Hajiya Adama ina kuka na yi mata rantsuwa sai na zama likita, babu macen da za ta sake mutuwa a hanyar nan. Da wannan rantsuwar na sami zuciyarta. Da wata gidauniya ta zaɓe ni karatu a kudancin Indiya, dangi suka yi ca, wai wa zai jira mace ta tsallaka teku ta dawo da ido a tsakar ka. Hajiya ce ta tsawatar, ta ce ɗanta zai jira, ko shekara goma ce.

Na tafi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da Turancin da na ɗauka ya isa. Satin farko ko rabin abin da malamai ke faɗa ban gane ba, suna magana suna kaɗa kai, ban san e suke nufi ko a'a ba. A kasuwa yara suna bina da kallo, wata tsohuwa har ta goga yatsa a hannuna ta duba ko zai fita. Abincinsu yaji ba irin namu ba, na yi wata guda ina rayuwa a kan burodi da ayaba. Sallar farko a ɗaki na yi ta, ina jin tashin kabbarar idin garinmu ta waya. Duk na jure, don dama ban zo shan daɗi ba. Na haddace ƙasusuwan jikin mutum kamar yadda na haddace Izu biyar.

Sai aka kai mu ɗakin gawarwaki.

A can ɗalibin likita da gawar mutum yake koyo, a yanka a buɗe a ga komai. Aka raba mu goma-goma, aka yaye ledar da ke kan teburinmu. Mace ce, matashiya, ba sutura ko ta tsinke, ga samari tsaye a kanta suna raha suna gyara safar hannu. Ni da na tashi ina jin Inna tana cewa gawa ta fi mai rai jin kunya, ni da ban taɓa ganin an wanke mace ba sai a ƙarƙashin zane. Na daure na matsa. Sai idona ya sauka a kan hannunta. Akwai sauran lalle a tafin, ya koɗe amma yana nan.

Ban san lokacin da na cire gyalena ba. Na dai tsinci kaina na lulluɓe ta daga ƙirji zuwa gwiwa, ina karanta abin da Inna take karantawa.

Wani ya fashe da dariya. Malamin ya ce nan makaranta ce ba maƙabarta ba, in ɗauke tsummana in kama wuƙa. Ban ɗauke ba, kuma ban kama ba. Wata da watanni ina shiga ɗakin nan, in na riƙe wuƙar sai hannuna ya hau rawa har ta faɗi. Na faɗi jarrabawar. Aka ba ni dama na maimaita shekara, na sake faɗi. A ofishin ɗalibai baƙi wata mata mai kirki ta zaunar da ni ta ce hanya biyu ce: ko a soke bizata in koma gida a satin nan, ko in koma wani fannin da makina ya kai, gidauniyar ta yarda. Gurbin da ya rage a tsangayar aikin gona yake.

Ɗiyar manomi ta tsallaka teku don ta koyi noma. Ko a tatsuniya aka faɗa sai an yi dariya.

Na ce zan faɗa musu in an kwana biyu. Ranar da na shirya faɗa, Baba ya kira ya ce "Likita, ya karatu?" sai na ce lafiya lau. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa. Na ari farar rigar wata 'yar Uganda da muke ɗaki ɗaya, na rataya abin awon ƙirjinta a wuya na ɗauki hoto na tura wa Mahadi. In ya tambaye ni me na yi yau, sai in kwashe labarin asibitin da ta ba ni in juye masa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na so karatun nan. Ranar da na fara tsoma ƙafa a taɓon gonar makaranta na ji ƙamshin ƙasa, a ranar na fara barci mai daɗi a ƙasar. Na gama da sakamako mafi kyau a ajinmu, na naɗe takardar na cusa a ƙasan akwati kamar kayan sata.

Ranar Laraba Maijidda ta dawo, ta same ni ni kaɗai a ɗakin Inna. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo min wayarta. Ni ce a ciki, da takalmin roba har gwiwa, da malafa, tsamo-tsamo a cikin gonar shinkafa ina dariya. Ta ce yayanta Awaisu da ke karatun kwamfuta a can ya kai wa abokinsa ziyara makarantarmu bara, ya hango ni, ya yi tambaya aka ba shi labari tiryan-tiryan.

"Shekara guda ina riƙe da shi," ta ce. "Ni ba muguwa ba ce, Adawiyya. Ki ce wa Yaya Mahadi kin fasa, ki nemi aiki a Kaduna ko Abuja ki tafi da likitancinki, babu mai ji daga bakina. In kuma kin ƙi, ranar Asabar a gaban Hajiya da matan gari zan nuna."

Na so in tsane ta, amma me ta faɗa da ba gaskiya ba? Ramin ni na haƙa, ita dai ta leƙa ne ta gan ni a ciki.

Bayan fitarta na sami Inna a gindin bishiyar zogale tana tsinkar ganye. Na zauna na sa hannu muna yi tare, ina yi ina faɗa mata, tun daga teburin nan har zuwa hoton. Ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta kamo hannuna ta juya tafin sama, ta danna kantar da ke gindin yatsuna.

"Tun ranar da kika sauka na riƙe hannun nan na ce wannan ba allura ta yi shi ba. Yo ni da na shekara sittin ina ganin hannun manoma? Jira nake ki gaji da ɗaukar kayan."

"Inna, ya zan yi?"

"Rufa wa baiwar Allah asiri da kika yi, wannan ni na koya miki, kuma ban yi nadama ba. Ƙaryar kau ban san inda kika koyo ta ba." Ta watsa ganyen a faranti. "Wa kika yi wa rantsuwa? Can za ki fara. Ki je da ƙafarki tun ba a kai ki ba."

Washegari da hantsi na tafi gidan su Mahadi. Tafiyar da ba ta fi a ƙirga ɗari biyu ba, sai na ji kamar zan je Funtuwa a ƙasa. Na tarar da Hajiya Adama a tsakar gida ana auna shinkafar walima, ta tare ni da fara'a tana ga likitarmu, ga likitarmu. Na roƙe ta mu shiga ɗaki, a kira min Yaya Mahadi. Ta shimfiɗa min darduma, na ƙi hawa, na durƙusa a kan siminti. Shi kuma ya tsaya daga bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran albishir.

"Hajiya, na ci amanarku. Ni ba likita ba ce. Tun shekara huɗu da suka wuce aka cire ni, aikin gona na karanta."

Can Hajiya ta ce in maimaita, na maimaita.

Ta yi faɗa, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ta tsaya min a gaban danginta har ta ɓata da ƙanwarta ta ciki ɗaya. Ta ce ɗanta ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga bulo saboda iska. Ta ce na ɗauki sunan 'yarta da ke kabari na yi tsani da shi na hau jirgi. Wannan ta ƙarshen ta shige ni kamar ƙaya. Sai ta tambaye ni, da muryar da ta fara dishewa, wane irin wasa na tsaya yi har aka kore ni.

Na gaya mata. Ɗakin, teburin, samarin da ke tsaye, lallen da ya koɗe a tafin hannu.

"Hansai na gani, Hajiya... wallahi ita na gani. Na kasa yanka ta."

Hajiya ta kau da kai. Da ta buɗe baki, ba ni take kallo ba, bango take kallo.

"Kin rufe ta?"

"Na rufe ta da gyalena."

"Suka bar mata shi?"

"Ban sani ba. Ni dai ban karɓa ba."

Ta sa gefen zanenta ta toshe bakinta, kafaɗunta suna girgiza. Da ƙyar ta iya cewa in tashi in tafi.

A soro Mahadi ya tsayar da ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, babu fushi a cikinta, kuma na fi so a ce akwai.

"Ranar da kika ce min kin karɓi haihuwar tagwaye, har na yi sadaka... wa ya karɓa?"

"Abokiyar zamana."

"Ranar da kika ce kin kwana tsaye a kan wani yaro har ya farfaɗo?"

Na sunkuyar da kai.

"Adawiyya, ni ba allon kwano na jira ba. Da kin kira ni ranar kin ce kin faɗi, da na ce ki share hawayenki. Amma yanzu ki gaya min, shekara huɗun nan da wa nake hira?"

Ya juya ya shige, ban ji ya ce Tawa ba.

Baba a gona na same shi. Ya saurare ni yana tsaye da fartanya a kafaɗa, har na gama bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon dawarsa, sannan ya ce, "Ke, wuce gida." Shi ke nan sunana ya tafi. Da kansa ya je wurin liman da mai unguwa ya ce an fasa walima, kuma bai ɓoye dalili ba. Wannan tafiyar da ya yi da furfurarsa, har gobe in na tuna sai na ji zuciyata ta tsinke.

Maijidda da ta ga an riga ta, sai ta saki hoton a waya don kada ajiyarta ta tashi a banza. Kafin Juma'a ya zagaye gari har Kafur. Aka raɗa min likitar shinkafa. Matan da suka cika gidanmu suka ɗauke ƙafa ɗif, in na fita ɗiban ruwa sai hira ta mutu a bakin famfo. Na yi kwana goma ban leƙa ko zaure ba, har Inna ta ce in kunya tana kisa ta gaya min ta tanadi ruwan wanka, in kuma ba ta kisa in tashi in kai wa ubana abinci gona.

Na kai. Ina ajiye kwanon idona ya faɗa kan gefen gonar da ke gangare. Dawar wurin ta tsumbure ta yi rawaya, ƙarƙashinta kuwa wuta-wuta ce ta yi fure ja-ja kamar an shuka ta da gangan. Shekara ashirin ciyawar nan tana cin gonar Baba, ya sa taki ya gaji, ya yi sadaka ya gaji. Ban nemi izini ba na tattare zane na shiga. Na gaya masa, ina kallon ƙasa, cewa saiwarta a jikin saiwar dawa take tsotso, kuma kowane fure ɗaya zai zubar da iri dubbai da za su kwanta a ƙasa shekaru suna jira. A tuge ta yanzu tun ba ta yi ƙwaya ba, a tara a ƙone, kada a zubar a kan iyaka kamar yadda aka saba. Baɗi kuma a hutar da wurin daga dawa a sa waken suya, shi yana tayar da irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

Ya jawo kwanonsa ya hau cin abinci. Amma washegari da sassafe na ji shi daga zaure yana cewa, "Ke, in za ki ki taho, rana na yi."

Sati uku muna tugewa, ni da shi, ba mai ce wa wani komai sai abin da ya shafi aiki. Ranar wata Talata ina duƙe na ji tsayuwar babur a bakin hanya. Ban ɗago ba, don na daina sa rai. Na ji an yi wa Baba sallama an gaisa, na ji Baba ya ce bari ya duba can ƙasan gonar, ya tafi yana tari irin na wanda ba tarin ke damunsa ba.

Mahadi ya tsaya a kaina. Ya rame. Ni kuwa ga taɓo har gwiwa, ga tsohuwar malafar Baba a kaina, sak hoton Maijidda.

"Na kalli hoton nan ya fi sau ɗari," ya ce. "Na so in ji haushinsa na kasa. Duk hotunan da kika turo min da farar riga, babu inda kika yi dariya irin wannan."

"Yaya Mahadi, ka yafe min. Ko ba za ka aure ni ba, ka yafe min."

"Ban gama jin ciwo ba, kada in yi miki ƙarya ni ma." Ya zauna a kan kunya ya cire hularsa. "Amma akwai shekara huɗu da ban san inda matata ta yi su ba. Zauna ki ba ni su, na gaskiyar. Daga farko."

Matata ya ce. Na yi kamar ban ji ba, na zauna.

Na ba shi. Ranar da na fara shiga taɓo, malamar da ta koya min gane ciwon shuka daga launin ganye, ranar da saniyar makaranta ta bi ni da gudu na faɗa kwata. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, ina yi ina share hawaye. Ya tambaye ni abin da ke huda masa ganyen masara, na gaya masa. Ya ce to ɗakunan nan biyu ba za su zauna haka ba, manoma ma suna da abin tambaya, sai dai a sake fentin allo. Na ce har yanzu garinmu ba shi da likita, kuma laifina ne. Ya ce gaskiya ne ba shi da shi, wannan nauyin kuma ba zai ce min in sauke ba, sai dai mu ɗauka tare, mu tsaya wa wata yarinyar da hannunta ba zai yi rawa ba.

Da zai tashi ya ciro wani ƙulli daga aljihun babur ya ajiye min a cinya. Ya ce Hajiya ce ta ce a kawo min, kuma ita ta ce masa in zai zo ya zo, ya daina yi mata zarya a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Na kwance. Gyale ne ruwan toka mai ƙananan furanni, sabo fil, sai ƙamshin daɗewa a akwati. Na san shi. Tare muka zaɓe shi da Hansai a kasuwar Malumfashi, ta ce ranar suna za ta yafa.

Mahadi ya ce ranar da aka sa Hansai a bayan motar nan, a gigice aka fita, zane ɗaya ne a jikinta. Da ta cika a hanya maza suka taru a kan motar, Hajiya ta rasa abin da za ta rufa mata, ita ma ko mayafi ba ta ɗauko ba. Shekara bakwai abin yana cinta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar da na je na faɗa musu gaskiya.

"Ta ce a gaya miki, wanda kika rufa wa ɗiyar mutane a can, ga madadinsa."

Na kifa fuskata a cikin gyalen na yi kukan da ban yi ba tun a Indiya. Daga can ƙasan gona na jiyo muryar Baba yana cewa, "Ke, in kun gama a zo a ƙone ciyawar nan."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura mana aure. Akwatin lefena cike yake da mayafai, amma da na Hansai aka lulluɓe ni zuwa gidan Mahadi, kuma Hajiya Adama ce da hannunta ta yaye min shi daga fuska.